Gmail, Outlook, Yahoo ko Proton: wanne ya fi tace tarkacen saƙonni?

Ɗan'uwa, ka ce adireshin imel ɗin da ka buɗe tun kana makaranta ya koma juji. Kullum ka leƙa sai tallan bashi, da na magani, da wasiƙar wata baiwar Allah da ke neman wanda zai taya ta kwashe gadon mijinta. Kana so ka buɗe sabo, shi ne kake tambayar wanne ya fi iya tace wannan shara tsakanin Gmail, Outlook, Yahoo da Proton. In gajeriyar amsa kake so, Gmail ne. Amma ka ɗan saurara, don kowanne a cikin huɗun nan akwai inda ya fi 'yan'uwansa, kuma sauya kamfani kaɗai ba zai raba ka da matsalar ba.

Abin da ake mantawa shi ne, rariya hanya biyu take ɓata aiki. In idonta ya yi faɗi, dusa ta bi gari. In ya yi ƙanƙanta, garin ma ya ƙi wucewa. Mutane sun fi kuka da na farko saboda shi suke gani da ido, amma na biyun ya fi cuta. Tallan banza guda goma in sun shigo maka, sharewa za ka yi ka wuce. Amma takardar kiran ganawa ta neman aiki, ko lambar tabbatarwa ta rajistar JAMB, ko saƙon makaranta, in guda ɗaya ta faɗa akwatin shara ba ka sani ba, an gama. Saboda haka ni ma'aunina biyu ne: nawa yake tarewa, kuma in ya tare na kirki bisa kuskure, yaya sauƙin gyarawa yake.

Gmail ya fito ranar 1 ga Afrilu 2004, kuma ƙarfinsa a yau yawan jama'arsa ne. Duk lokacin da wani a Indiya ko Birazil ya danna cewa wannan saƙo shara ne, rariyar tana koyo, kafin irinsa ya iso gare ka an riga an san shi. Kamfanin Google da kansa yana cewa yana tare fiye da kashi 99.9 cikin 100 na tarkacen saƙonni da na damfara. Mai tuwo ne ke yabon miyarsa, na sani, amma wanda ya jima yana amfani da shi zai shaida cewa ba kasafai saƙon damfara tsagwaronsa ke kaiwa babban akwati ba. Abin da ya ƙara burge ni shi ne yana faɗa maka dalili. Ka buɗe saƙo a cikin akwatin Spam, za ka ga rubutu a samansa yana cewa an ajiye shi nan ne saboda ya yi kama da waɗanda aka taɓa kai ƙararsu, wani lokaci ma da jan gargaɗi cewa kada ka taɓa komai a ciki. Sannan tun 2013 yake raba saƙonni gida-gida, na mutane daban, na talla daban, na shafukan sada zumunta daban. Tallan da ba haramtacce ba ne, kai ka taɓa ba da adireshinka, ba ya zuwa shara amma kuma ba ya tare maka hanya.

Inda Gmail ke da wuyar sha'ani guda biyu ne. Na ɗaya, ba a kashe rariyarsa. In kana so saƙon wani ya daina faɗawa shara kwata-kwata, sai ka kafa masa ƙa'ida, kuma wannan ba a yinsa a manhajar waya, sai ka shiga ta burauza kamar a kwamfuta. Abin da ke Spam kuma kwana 30 yake yi a goge shi, don haka leƙawa sau ɗaya a mako ba ɓata lokaci ba ne. Na biyu shi ne wurin ajiya. Gigabait 15 ɗin da ake bayarwa kyauta ba na imel kaɗai ba ne, tare yake da Drive, ma'ajiyar fayiloli ta Google, da hotuna, kuma tun 2024 ajiyar WhatsApp ta masu wayar Android ma a ciki ake lissafa ta. Mu da bidiyon biki da wa'azi da muryoyin guruf ke cika mana waya, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ranar da ya cika, saƙo ba ya shigowa, komawa yake ga wanda ya aiko. Sai ka zauna kana zargin rariya alhali rumbu ne ya cika.

Outlook shi ne tsohon Hotmail na 1996, wanda Microsoft ya saya a 1997, aka sauya masa suna a 2012. A ganina wajen tacewa da kansa bai kamo Gmail ba, amma ya fi shi ba ka wuƙa da nama. Akwai jerin amintattun masu aikowa, akwai jerin waɗanda ka toshe, kuma kana iya tsaurarawa har ya zama duk wanda ba ya cikin amintattunka saƙonsa shara zai tafi. Wannan ya dace da dattijon da 'ya'yansa da bankinsa kaɗai ke rubuto masa. Bai dace da mai neman aiki ko ɗan kasuwa ba, tunda su baƙo suke jira. Yana kuma da abin sharewa da ake kira Sweep, wanda za ka ce masa duk saƙon wannan kamfani ka bar min na ƙarshe kawai, sauran ka kwashe.

Amma ainihin abin da ya sa nake girmama Outlook shi ne laƙabi. Kana iya ƙirƙirar wani adireshi daban ƙarƙashin asusunka ɗaya, saƙonninsa su riƙa zuwa akwati guda. Ka ba shagunan intanet da masu gasar cin kyauta wannan, ka ɓoye na ainihi. Ranar da ya fara wari sai ka goge shi, duk masu aiko da shara su bugi bango. Har ma kana iya hana a shiga asusunka da laƙabin, ta yadda wanda ya san shi bai san ƙofar gidan ba. Gmail na da wani abu mai kama da haka, wato ka ƙara alamar tarawa da wata kalma bayan sunanka, kamar sunanka+kasuwa@gmail.com, saƙon zai iso, kuma za ka gane wa ya sayar da adireshinka. Sai dai wannan lulluɓin ba ya rufe fuska, duk mai wayo zai cire abin da ke bayan alamar ya ga na gaskiyar.

Yahoo ba zan daɗe a kansa ba. Tun 1997 yake, kuma shi ne imel ɗin farko na yawancin waɗanda suka fara shiga kafe, wato shagon intanet, a Najeriya, har sunansa ya bi 'yan damfarar intanet ya manne musu, ba da laifinsa ba. Yana da rariya, yana da adireshin wucin gadi na yarwa. Amma kutsen da aka yi masa a 2013, wanda daga baya kamfanin ya amsa cewa ya shafi dukkan asusu biliyan 3, ya sa sunaye da adireshi da lambobin waya na masu tsoffin asusu sun fita. Adireshin da ya riga ya shiga hannun dillalan shara kuwa ba ya dawowa. Ga shi kuma tun 2021 tura saƙonni kai tsaye zuwa wani akwati ya koma na masu biyan kuɗi. Mai shi tun da can ya riƙe abinsa, amma ban ga dalilin da zai sa a fara sabo a nan ba.

Proton kuma wani kifi ne daban. A Suwizalan yake, masana kimiyyar da suka haɗu a cibiyar bincike ta CERN ne suka kafa shi a 2014, kuma abin da yake sayarwa sirri ne. Saƙon da ke ajiye a akwatinka a kulle yake ta yadda su kansu ba sa iya karantawa, ba ya kuma bin ka da tallan da aka auna da abin da kake yi. Yana tace shara daidai gwargwado, yana toshe ɓoyayyun alamomin da masu talla ke sakawa don su san ka buɗe saƙonsu. Amma na kyauta bai wuce gigabait 1 ba, ba ya shiga manhajar imel ɗin da ta zo da wayarka sai tasa, kuma in ka manta kalmar sirri ba ka adana kalmomin ceto ba, za ka iya dawo da asusun amma tsoffin saƙonni su zauna a kulle. Lauya, ɗan jarida, ko mai harkar da ke buƙatar rufin asiri, wannan nasa ne. Kai da damuwarka shara ce kawai, kamar sayen akwatin ƙarfe ne don maganin ƙuda.

Wani abu da ya rage tazarar da ke tsakaninsu: daga Fabrairu 2024, Google da Yahoo sun wajabta wa manyan masu aika saƙonni, a wajen Google masu aika sama da 5,000 a rana, su tabbatar da cewa saƙon daga gidansu ya fito, su kuma sa maɓallin fita daga jeri da dannawa ɗaya. Microsoft ya bi sahu a 2025. Shi ya sa yanzu kake ganin ɗan rubutun cire kai kusa da sunan mai aikowa. Yi amfani da shi ga kamfanin da ka sani. Ga wanda ba ka sani ba kuwa, kada ka danna komai a cikin saƙon, domin dannawar ce ke gaya masa akwai mai rai a gidan. Kai ƙararsa kawai.

Ko wanne ka zaɓa, wani zai tsallake wata rana. Kwanan baya na samu guda da tambarin banki, launi da komai tsaf, yana cewa za a rufe asusuna cikin awa 24 in ban sabunta BVN ba. Sunan da ya bayyana na bankin ne. Da na taɓa sunan, adireshin da ke ƙarƙashinsa ya fito: haruffa barkatai da lambobi, a wani gida da ba shi da alaƙa da banki. Gaisuwar ma babu sunana, "ya kai abokin hulɗa" ce kawai. Daƙiƙa biyar wannan binciken ke ci, kuma ya fi kowace rariya.

Don haka in ni ne kai, ga yadda zan yi. Sabon Gmail, wanda banki da makaranta da wurin aiki da dangi kaɗai za su sani. Tsohon kuma kada ka rufe shi, bar shi ya ci gaba da zama jujin: duk shafin da ya ce sai ka ba da imel kafin ka sauke wani abu, shi za ka miƙa. In kana yawan saye-saye a intanet, ƙara Outlook saboda laƙabin nan. Kuma ka buɗe da hannunka. Wani ƙanena mai kafe ne ya buɗe masa lokacin rajistar jarrabawa, ya sa lambar wayarsa shi mai kafen a matsayin ta ceto. Bayan shekara biyu yaron ya sauya waya, ya manta kalmar sirri, aka ce an tura lamba zuwa layin da ya ƙare da wasu lambobi biyu da bai taɓa gani ba, shagon kuma ya riga ya koma na sayar da caja. Sa layinka na ainihi, wanda in ya ɓata za ka iya yi masa welkam-bak da NIN ɗinka, ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu, ka rubuta lambobin ceton a takarda ka sa cikin fayil ɗin takardun makarantarka. Tsohon akwatin ma ka riƙa leƙa shi lokaci-lokaci, domin Google na iya goge asusun da ya shekara 2 ba a taɓa ba, sauran kamfanonin ma kowa da nasa wa'adin.