Kwana, jeka-ka-dawo ko ta soja: wace sakandare ce za ta ba yaro wasa da shugabanci?

Idan lokacin zaɓa wa yaro sakandare ya zo, yawancin iyaye tambaya biyu suke yi: nawa ne kuɗin zango, kuma yaya sakamakon WAEC da NECO na bara? Duka biyun suna da muhimmanci, sai dai a bakin ƙofar aji suke tsayawa. Darasi yana ƙarewa wajen ƙarfe biyu na rana. Daga nan zuwa lokacin da za a kashe fitila akwai kusan awa takwas, kuma a cikinsu ne yaro yake koyon yadda ake cin abinci da mutane, yadda ake faɗuwa a wasa ba a yi dambe ba, da yadda ake sa wanda ya girme shi aiki. Uba yana biyan kuɗin waɗannan awoyin tare da na darasi, ko ya sani ko bai sani ba, don haka ya kamata ya duba su kafin ya zuba kuɗinsa.

Mu fara da tsofaffin makarantun kwana na gwamnati, domin su ne suka kafa tsarin da sauran suke kwaikwaya. Kwalejin Barewa da ke Zariya ta faro ne a Katsina a 1921, aka mayar da ita Kaduna a 1938, sannan Zariya a 1949. Abubakar Tafawa Ɓalewa, Ahmadu Bello, Yakubu Gowon, Murtala Muhammed, Shehu Shagari da Umaru Musa 'Yar'aduwa duk sun bi ta cikinta. Tsarinta shi ne a raba ɗalibai gida-gida, kowane gida da sunansa da kyaftin ɗinsa da malamin da ke kula da shi, a yi ta gasa tsakanin gidajen a kan gudu, ƙwallo, har da tsaftar ɗaki. Tun zamanin Katsina wasa yana cikin manhaja. Wasan nan da ake buga ƙaramar ƙwallo da tafin hannu a jikin bango, wanda Sardauna ya shahara da so, a can ya samu gindin zama, har yau kuma ana buga shi a Katsina da Sakkwato. Makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa da jihar Kano ta buɗe a 1977, da Kwalejin Gwamnati ta Keffi, duk a kan irin wannan tsari suke tafiya.

Abin da irin waɗannan makarantu suka fi kowa shi ne muƙamin ɗalibi a cikinsu yana da nauyi na gaske. Malamai kaɗan ne, ɗalibai ɗaruruwa, saboda haka da an tashi daga aji ragamar makaranta tana komawa hannun firifet, wato ɗalibin da aka ba muƙami. Firifet ɗin ɗakin cin abinci yaro ne ɗan shekara goma sha shida ko sha bakwai, amma shi zai tsaya a kan tukunyar gabza ya tabbatar ta isa kowane tebur, shi zai je kicin ya yi magana da masu girki in miya ta yi ruwa, shi kuma za a zaga in wani ya kwana da yunwa. Mai kula da lokaci shi ke kaɗa ƙararrawa tun kafin asuba. Na shara shi ke raba wa kowa yankinsa na ciyawa. Yaron da ya riƙe ɗaya daga cikin waɗannan na shekara guda, ya san abin da ake nufi da a ba ka amana a kuma tuhume ka a kanta.

Amma wannan ikon shi ne kuma babban haɗarin makarantar kwana. Inda malamin gida ba ya kwana kusa da ɗakunan yara, siniya shi ne alƙali, shi ne ɗan sanda. Ƙaramin yaro ya zama mai ɗebo ruwa da wanki, a ƙwace masa garinsa da sukarinsa a makon farko, in ya kai ƙara a ce ya cika tsegumi. Wasu tsofaffin ɗalibai za su ce maka ai haka aka yi mana, ga mu mun zama mutane. Ni dai ban yarda da wannan hujja ba. Waɗanda abin ya karya ba sa zuwa taron tsofaffin ɗalibai balle su ba da nasu labarin. Don haka tambayar da za ka yi wa firinsifal kai tsaye ita ce: firifet yana da izinin dukan ɗalibi? Gidan malamin da ke kula da ɗakin kwana yana ina, a nuna mini? Yaushe aka taɓa tuɓe wani daga muƙami saboda zalunci? Makarantar da ta ce ba a taɓa samun irin haka a cikinta ba, ko dai ba ta sa ido, ko ba ta son faɗa.

Kwalejojin tarayya, waɗanda ake kira makarantun haɗin kai, 'yan uwan waɗancan ne amma da bambanci guda mai girma. An fara da uku a 1966, a Sakkwato da Warri da Okposi, bayan yaƙin basasa aka yawaita su, yanzu sun haura 100 a faɗin ƙasa. Ana shiga ta jarrabawar da hukumar NECO ke shiryawa ga 'yan aji shida na firamare, kuma ana ba kowace jiha kasonta. Sakamakon haka yaro daga Gumel zai iya samun kansa gado ɗaya sama ɗaya ƙasa da yaro daga Nsukka. Wanda ya zama shugaban ɗalibai a nan dole ya iya jan mutanen da ba su haɗa yare ko addini da shi ba, kuma ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSSN da ta Kirista ta FCS suna gudanar da harkokinsu a harabar guda. Ga wanda ke hangen ɗansa a aikin gwamnatin tarayya ko kasuwanci a Legas, wannan gogayya tana da daraja. Filayen wasansu galibi manya ne, tunda an gina su lokacin da ƙasa ba ta yi wuya ba, sai dai kula da su ya danganta da firinsifal da ƙarfin ƙungiyar iyaye da malamai. A 2023 an ɗaga kuɗin sabon ɗalibi zuwa naira 100,000, duk da haka ba su kama ƙafar makarantun kuɗi na kwana ba.

Makarantun soja kuwa iri biyu ne, kada a haɗa su. Makarantar Soja ta Zariya, wadda aka kafa a 1954, da ta sojan sama da ke Jos, horon soja suke bayarwa tare da karatu: kaki, fareti, gudun safe, muƙamai masu igiya. Su kuma makarantun Command sakandare ce ta kowa da kowa da rundunar soja ke gudanarwa, da tsauraran dokoki. A fannin motsa jiki babu mai ja da na farkon, domin wasa a can wajibi ne, ba sai wanda ya ga dama ba. Yaro mai ƙarfin jiki da ke buƙatar a tanƙwara shi zai amfana ƙwarai. Sai dai shugabancin da ake koyarwa na umarni ne daga sama zuwa ƙasa. Yaro mai yawan tambaya, mai son muhawara da rubuce-rubuce, zai iya shan wuya a banza, ya fito ya iya biyayya bai iya lallashi ba.

A makarantun kuɗi ne ake buƙatar buɗe ido sosai, saboda sunan ɗaya ne amma tazarar da ke tsakaninsu ta wuce misali. Akwai manya masu filin ƙwallon kwando mai siminti, da kocin da aka ɗauka don wasa kaɗai, da ƙungiyar muhawara da ke fita gasa. Akwai kuma waɗanda gidan haya ne mai bene aka yanka ɗakunansa, babu ko inda za a yi tsalle. Irin waɗannan sukan ari filin wata makaranta ko filin wasa na gari rana ɗaya a shekara don gasar gidaje, a sa iyaye su biya kuɗin riga mai launi, a gayyato babban baƙo, a ɗauki hotuna a zuba a Facebook. Wannan biki ne. Wasa shi ne abin da ake yi ranar Talata da yamma lokacin da babu mai kallo. Biri ya yi kama da mutum, amma hoton da ke jikin takardar talla ba zai gaya maka yara nawa ne suka taɓa ƙwallo a makon jiya ba.

Haka batun muƙamai. A yawancin makarantun kuɗi akwai ma'aikata masu shara, masu raba abinci, masu gadi, don haka firifet ba shi da abin yi sai rataya baji a ƙirji da tsayawa gaba a taron safe. Wani wurin ma ana raba muƙaman ne yadda kowane uba mai faɗa a ji zai ji daɗi. Amma na ga inda ake yin abin da kyau: ɗalibai su nemi muƙami a rubuce, malamai su tantance, ɗan takara ya tsaya gaban makaranta ya faɗi abin da zai yi, a kaɗa ƙuri'a, a ƙirga a bainar jama'a. Yarinyar da ta tsaya ta yi magana minti biyar gaban ɗalibai ɗari uku, muryarta tana rawa amma ta kai ƙarshe, ta samu abin da makarantar kwana ta gargajiya ba ta cika bayarwa ba, ko da ta faɗi zaɓen. Ka tambaya yadda ake zaɓa, kuma ka tambaya yaushe ake miƙa mulki. Makaranta mai tsari tana karɓe muƙamai daga 'yan SS3 kafin jarrabawar WAEC ta ba 'yan SS2, don kada karatun yaro ya tafi a hidimar wasu.

Makarantun kwana na haddar Alƙur'ani masu haɗawa da boko sun yawaita a Kano, Kaduna, Bauci da Gombe. Suna ba yaro dama irin tasu: limanci, ladanci, jan darasi ga ƙanana, da shiga musabaƙa, wadda matakinta na ƙasa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ke shiryawa tun 1986. Raunin da yawa daga cikinsu shi ne jadawalin ya cika maƙil daga asuba zuwa bayan isha, wasa ya zama abin da ake yi in an samu sarari. Yaro ɗan shekara goma sha biyu da ba ya gudu, haddar ma nauyi take yi masa.

Ga 'ya mace lissafin yana ɗan sauyawa. A makarantar da ake haɗa maza da mata, filin ƙwallo na maza ne a aikace, mata suna gefe suna tafi, kuma manyan muƙamai sukan tafi ga maza a ba mace mataimakiya. A makarantar mata zalla, irin Kwalejin Sarauniya Amina ta Kaduna ko kwalejojin tarayya na mata da ke Kazaure da Bakori, kowane muƙami mace ce a kai, tun daga shugabar ɗalibai har mai kaɗa ƙararrawa. Uwa ta tambaya ko akwai malama mace mai kula da wasanni, ko kayan wasan suna da sutura yadda yarinya za ta sake, ko kuma filin a killace yake. Sau da yawa abin da ke hana yarinya wasa bai wuce wandon da aka ce ta sa ba.

Sai jeka-ka-dawo, wadda ita ce zaɓin mafi yawan gidaje, kuma ba abin rainawa ba ce. Bayan sace ɗalibai a Ƙanƙara a Disamba 2020, da Kagara da Jangebe a Fabrairu 2021, da kwalejin tarayya ta Birnin Yawuri a watan Yuni na shekarar, iyaye da yawa sun janye daga kwana, jihohi ma sun rufe wasu makarantun da ke bakin daji. Wanda ya zaɓi ɗansa ya kwana a gida ba wanda zai ga laifinsa. Abin da zai sani kawai shi ne awoyin yamman nan sun dawo wuyansa. In makarantar tana tashi ƙarfe biyu ba ta da ranar ƙungiyoyi, sai ya nema wa yaron madadi: ƙungiyar ƙwallo ta unguwa mai koci sananne, 'yan agaji, sikawut, Red Cross, ko Islamiyyar da ke ba ɗalibai aikin shirya walima da muhawara. In ba haka ba waya da majalisar bakin titi za su cike gurbin.

Duk wadda ka karkata gare ta, kada ka je dubawa ranar da aka gayyace ka. Je ka ranar aiki wajen la'asar. Dubi filin: in ciyawar tsakiyarsa ta mutu, ƙasa ta yi fari a gaban raga, ana wasa a kai, in ta yi shar babu sawu ko ɗaya, ado ne. Ka nemi a buɗe maka ma'ajiyar kayan wasa ka ga ƙwallaye nawa ne masu iska. Ka duba ko 'yan JS1 suna da nasu lokacin, ko kuwa aikinsu ɗauko ƙwallo in ta fita. Ka tambaya ko sun taɓa shiga gasar ƙwallon kwando ta Milo ko wata gasar jiha, da ko suna yin langa da kokawa, waɗanda ba sa cin ko kwabo. Sannan ka tsaya da ƙaramin ɗalibi nesa da malami ka tambaye shi wa yake tsoro a makarantar.

In yaronka yana da sikila ko asma, wannan ya riga komai. Ka ga ɗakin shan magani da idonka, ka san ko ma'aikaciyar jinya tana kwana a makarantar, da tazarar asibiti mafi kusa da motar da za ta kai shi cikin dare. Ka sa a rubuta a fayil ɗinsa irin aikin da horon da ba za a ba shi ba, kuma ka tabbatar an sanar da firifet ɗin ɗakinsa, domin da ƙarfe biyar na asuba shi ne yake tsaye a kansa, firinsifal yana gida.