Sharhi: zarton maƙeran zinariya wajen tsaga matajin akwatin kiɗa

Abin da ke fitar da sauti a akwatin kiɗa, irin wanda ake murɗa wa makulli, ɗan fallen ƙarfe ne mai haƙora kamar matajin kai, ganga mai ƙusoshi tana juyawa tana taɓo bakin haƙoran. Na kanti galibi haƙora 18 gare shi, kuma a kan ma'aunin sautin Turawa aka saita shi. Wanda ke son jin Rast ko Bayati, salon sautin kiɗan Larabawa masu rubu'in sauti, sai dai ya yanka nasa. A nan ake cin karo da aikin: tsaga mai faɗin milimita 0.3 ko ƙasa da haka, zurfinta milimita 20 zuwa 30, miƙaƙƙiya sak, guda 17 a jere, tazarar milimita 2 tsakanin kowace da 'yar'uwarta.

Na yi wannan aiki da zarton maƙeran zinariya, na yi da faifan yanka na ƙaramin injin gurza na hannu, kuma hukuncina zarton ne ya ci. Amma da sharaɗi: a yanka ƙarfen yana da taushi, a taurara shi daga baya. Wanda ya juya wannan tsari zai zagi zarton a banza.

A Jidda ana samunsa wajen masu sayar wa maƙeran zinariya kayan aiki a Balad, tsohuwar unguwar birnin, ka ce musu minshar siyaga. Kan zarton, wato firam ɗin da ake ɗaura wa siririn tsinken yanka, mai zurfin milimita 75 zuwa 80 ya wadatar. Mai zurfi da yawa nauyi yake yi a baya, yana karkatar da hannu. Tsinken da ake ɗaurawa tsawonsa kamar milimita 130 ne, ana sayarwa dozin-dozin ko ƙunshi mai 144. Lambobinsa na ruɗa sabon shiga, domin yadda sifili ke ƙaruwa haka yake ƙara sirancewa: 2/0 kaurinsa kusan milimita 0.26, 3/0 kusan 0.24, 4/0 kusan 0.22, 6/0 kusan 0.18. Ga falle mai kaurin milimita 0.5, lamba 4/0 ce daidai. Tsagar da take bari kan ɗan fi kaurinta kaɗan, wajen 0.25, in an bi da samfefa ta kai 0.3. Na Vallorbe, 'yan Suwizalan, su na fi jin daɗi: haƙoransu a jere suke, ba sa jan hannu gefe. Akwai wasu masu araha marasa suna a jikin takarda, waɗanda ko kan tagulla suna tafiya, amma a baƙin ƙarfe haƙoran kan mutu kafin a gama tsaga biyu, wasu kuma a murɗe suke tun daga ƙunshi. Ka riƙe tsinke a tsaye ka hango shi ta haske. In ka ga murɗiya, ajiye shi, ba zai taɓa yanka layi miƙaƙƙe ba.

Ƙarfen da ya dace shi ne na sifirin mai yawan kabon, 1075 ko 1095, wanda a ma'aunin Turai za ka ga an rubuta C75S ko C100S, kuma ka nemi wanda aka tausasa. Fallen ma'aunin bawul na makanikai da sifirin agogon bango duk ƙarfe ne mai kyau, sai dai a taurare suke zuwa. Zarto zai yi ta zamewa a kansu yana ƙyalli kawai. In su ka samu, ka ƙona su har su yi ja, ka binne cikin toka mai zafi su huce a hankali. Tagulla da alminiyam ba sa yi, sautinsu gajere ne, haƙorin kuma lanƙwashewa yake yi ya zauna.

Kafin zarto ya taɓa ƙarfe sai an san tsawon kowane haƙori. Faɗin haƙori ba ya canza sautinsa. Kauri da tsawo ne ke yi. In ka ninka kauri sautin ya ninka, in ka ninka tsawo ya faɗo zuwa kashi ɗaya cikin huɗu. A falle mai kaurin 0.5, lissafi na ba da kusan milimita 30.7 ga sautin La mai 440 Hz (kaɗawa 440 a daƙiƙa), 28.2 ga sautin Do ta samanta, 19.9 ga Do ta gaba. Rabin sauti bambancin tsawonsa kusan kashi 2.9 cikin ɗari ne, rubu'in sauti kuwa 1.4, wato milimita 0.4 kacal a haƙori mai tsawon 28. Shi ya sa gindin tsaga ya fi komai muhimmanci. A aikace sautin kan fito ƙasa da lissafi, saboda gindin haƙoran ba ya kafewa ɗari bisa ɗari, don haka ka rage rabin milimita daga kowane tsawo. Saukar da sauti daga baya abu ne mai sauƙi, ɗaga shi ne wahala.

Hanyar da ta fi ba ni sakamako ba daga baki ake fara yanka ba. Ka shafa wa fallen baƙar maka, ka ja layuka da tsinin allura. Domin tazarar ta fito daidai, sandar sukuru M6 ta isa: zagaye ɗaya milimita 1 ne, biyu su ba ka 2. Ka riƙa juya ta gefe guda kullum, domin in ka koma baya, lakon da ke tsakanin noti da sanda zai ci maka tazara. A gindin kowane layi ka buga ɗan ɗigo, ka huda rami mai faɗin 0.6. Nan ne injin gurza ke da amfani, gudun zagaye 10,000 a minti daidai ne ga bakin huda siriri haka. Ramin na aiki uku: ya tsayar da tsawon haƙori, ya hana tsagewa daga kusurwa lokacin da aka tsoma ƙarfe a mai, kuma ta cikinsa za ka zura tsinken zarto. Daga ramin kake yankowa zuwa baki, amma ka tsaya saura milimita 3. Wannan ɗan ƙarfe da ka bari yana haɗe bakunan haƙoran gaba ɗaya. Saboda shi haƙorin da aka riga aka tsaga ba ya karkarwa yana cafke zarto, kuma a wuta haƙoran ba sa watsewa, wannan ya yi sama wancan ya yi ƙasa.

Aibin hanyar shi ne sai ka kwance tsinke ka sake ɗaurewa a kowace tsaga. Abin na cin rai. Kan zarto mai sukurun kunne masu laushi nan yake nuna halinsa, tsinke ya riƙa zamewa. Ka goge man da ke bakin tsinken da cikin matsin, sau da yawa shi ke nan.

Haƙoran tsinke ƙasa suke kallo, wajen mariƙi, domin a saukowa yake ci. Ka danne kan zarton da ƙirji a jikin tebur kafin ka matse, har in ka taɓo tsinken ya yi ƙara siririya. Sakakken tsinke shi ne babban dalilin karkacewar tsaga. Na biyu shi ne riƙe zarto a tsaye cak. Tazarar haƙoran 4/0 kusan milimita 0.38 ce, ke nan a falle mai 0.5 haƙori ɗaya da ɗan wani abu ne ke cikin ƙarfe a lokaci guda, sai ya riƙa saƙalewa yana fizga. Da zarar ka bar ramin da milimita biyu, ka kwantar da zarton gaba zuwa kusan digiri 30 da fallen. Yanzu tsinken na ratsa milimita 1 na ƙarfe, kusan haƙora uku na ciki, kuma tsagar da kanta ta zama masa hanya. Ja mai tsawo, a hankali, ba dannawa. Kakin zuma a bayan tsinke lokaci-lokaci, ba da yawa ba, kada ya toshe haƙora. In kana son madogara a gefe, ka sa ta tagulla. Taurarren ƙarfe na dakushe haƙoran gefe ɗaya, daga nan tsinken zai riƙa gudu zuwa ɗaya gefen, kai kuwa kana zargin hannunka.

Tsinke zai karye, wannan babu makawa, dozin biyu a ajiye ba ɓarna ba ce. Abin kula shi ne a ina yake karyewa. In a tsakiya ne, kana dannawa ko fallen na motsi. Ka manna shi a kan siririn katako mai kaurin milimita 2 zuwa 3 ka yanka su tare. In a bakin matsi ne, ka ja shi fiye da kima ko ka ɗaure shi a karkace. Tsagar da ta fara kaucewa kuwa, kada ka murɗa zarto da ƙarfi. Ja baya kaɗan, ka ci gefen da ya kamata da haƙora. Kaucewar 0.1 ba ta taɓa sauti, muni kawai take yi; wadda ta sirantar da gindin haƙori ita ce ke saukar da sauti.

Bayan yanka, ka zura siririyar samfefa lamba 600 cikin kowace tsaga, ka share ɓurɓushin gefe. Ɓurɓushin da ido ba ya gani shi ke sa haƙora biyu su riƙa gogar juna suna zizar nan mai ban haushi. Duba ta gilashin ƙara girma, haske a baya.

Sai wuta. Ka huda ramukan ɗaurewa tun yanzu, domin bayan tauri ba su huduwa. Ka ɗumama fallen bai ɗaya har maganaɗisu ya daina kama shi, wajen digiri 770 na Salsiyas ke nan, ka ƙara kaɗan zuwa 800, ka tsoma a mai mai ɗumi a tsaye, haƙora ƙasa. In ka tsoma a kwance, gefe ɗaya zai riga hucewa ya bankare. Ruwa kuwa fasa falle siriri yake yi. A wannan hali ƙarfen kamar gilashi yake, kada ka gwada taɓo haƙori. Ka goge shi ya yi haske, ka matse shi tsakanin ƙarafa biyu masu kauri ko ka ɗora a kan yashi cikin tire, ka ɗumama daga ƙasa. Launi zai bi ta ruwan ƙasa-ƙasa, ya yi shuɗi wajen digiri 300, nan za ka tsaya. Taurin ba ya canza sauti sosai, abin da yake bayarwa shi ne haƙori ya koma mazauninsa ya kuma daɗe yana amo.

Yanzu ne faifan yanka ke da rana. Na gama-gari, kamar Dremel 409, faɗinsa milimita 24, kaurinsa wajen 0.6, ya yi kauri ga tsagar mataji mai tazarar 2, amma daidai yake wajen datse haɗin nan na baki. Ka matse haƙoran tsakanin fallayen jan ƙarfe ko alminiyam su sha zafin, ka riƙa taɓawa kana ɗagawa. In bakin ya wuce shuɗi ya koma toka-toka, taurinsa ya tafi, ƙusar ganga za ta cinye shi. Akwai faifai masu sirantaka, 0.2 zuwa 0.25, na masu haɗa haƙoran roba, kuma suna cin taurarren ƙarfe. Da hannu sake ban ga amfaninsu ba: ƙaramar karkata ta isa faifan ya tarwatse, gindin tsagar kuma a gangare yake fita saboda faifan zagaye ne, sama ta fi ƙasa tsawo. Sai an kafe injin, fallen na tafiya a kan madogara. Tabarau dole ne. Zagayayyen zarton HSS, wato na taurarren ƙarfen yanka, mai faɗin milimita 50 shi ma kada a ɗaura shi a irin wannan inji. Gudun zagaye 100 zuwa 130 a minti yake so a ƙarfe, injin kuwa mafi ƙarancinsa dubbai ne, nan take haƙoran za su ƙone. Aikin makhraɗa ne, babban injin fiƙe ƙarfe na warsha.

Saiti sai an ɗaure matajin a mazauninsa, tsakanin ƙarafa masu kaurin milimita 4 zuwa 5 da bakinsu ke bin layin ramukan gindin tsaga. Manhajar saita sauti ta waya ta isa. Don saukar da sauti, ka ci ƙarƙashin haƙori kusa da gindi da siririn magagarin daimon. Don ɗagawa, ka rage ƙarƙashin baki ba tare da taɓa tsawo ba, tunda bakunan dole su tsaya a layi ɗaya. Kada ka zurfafa tsaga don gyaran sauti, kowace tsaga ta haƙora biyu ce. Haƙoran sauti mai kauri ana liƙa musu dalma a ƙarƙashin baki maimakon a tsawaita su. Ka wanke hannu bayan taɓa ta.

Tun bayan da Antoine Favre ya fito da wannan fasaha a Janiba a 1796, matajan farko haƙori ɗai-ɗai ko rukuni-rukuni ake ɗaure su da sukuru, daga baya aka koma falle guda. Ga mai zarton hannu tsohuwar hanyar ta fi: rukuni uku masu haƙora shida-shida, in ɗaya ya lalace a wuta shi kaɗai za ka sake. Mai son mataji da yawa iri ɗaya kuma ya kai zanensa warshar masu yanka ƙarfe da wayar lantarki a sina'iyya, wato unguwar masana'antu, inda waya mai 0.25 ke barin tsaga wajen 0.3 a taurarren ƙarfe, ana kuma iya jera fallaye a yanka tare.

Raɓar Jidda ba ta raga wa ƙarfen kabon, shatin yatsa kan zama tsatsa cikin kwana kaɗan, kuma tsatsa a gindin haƙori sauti take canzawa. Ka shafa man keken ɗinki da auduga, ka goge har ya zama kamar babu, domin man da ya taru cikin tsaga yana kashe amo. Tsinkayen da suka rage su ma a nannaɗe su cikin takarda mai ɗan mai, a rufe a kwalba.