Tarin waƙoƙin Thomas Moore a shagon tsofaffin littattafai na Zinder

A wani ƙaramin shagon tsofaffin littattafai da ke kusa da Kasuwar Dole, inda galibin kayan na Faransanci ne, ana samun tarin waƙoƙin Thomas Moore, mawaƙin ƙasar Ailan, cikin Ingilishi a kan jaka huɗu. Takardar ta yi ja saboda tsufa, amma ɗinkin yana da ƙarfi kuma babu shafin da ya ɓata. Mai shagon yakan bar mutum ya zauna ya duba kafin a yi ciniki.

Gabatarwar ita ce ta fi cancantar kuɗin. Ta bi rayuwar Moore tun haihuwarsa a Dublin a 1779, ɗan mai kanti kuma Katolika a zamanin da dokokin Ingila suka takura wa Katolikan Ailan, har zuwa karatunsa a Kwalejin Trinity, inda ya yi abota da Robert Emmet, wanda aka rataye a 1803 saboda ya jagoranci tawaye. Wanda ya san wannan zai gane dalilin da ya sa baƙin cikin ƙasar da ta rasa 'yancinta ya cika Irish Melodies, waƙoƙin da suka riƙa fitowa kashi-kashi daga 1808 zuwa 1834. Moore ya rasu a 1852, bayan 'ya'yansa biyar duka sun riga shi rasuwa.

Doguwar waƙarsa Lalla Rookh ta 1817, wadda aka biya shi fam 3,000 a kanta, ba ta ratsa ni sosai ba. Labarin 'yar sarki Aurangzeb na Indiya ce a hanyarta daga Delhi zuwa Kashmir, kuma mai karatu Musulmi zai lura cewa daga littattafai kawai marubucin ya san Gabas.

Babban aibin bugun shi ne an kawo baitocin ba tare da karin da ake rera su ba, alhali Moore ya ɗora su ne a kan tsofaffin kare-karen gargajiyar Ailan, kuma shi da kansa yakan rera su a gaban jama'a. Kamar a ba mutum waƙar ajami a rubuce ne bai taɓa jin an rera ta ba. Haka kuma babu bayanin kalmomi masu wuya, abin da zai wahalar da ɗalibin da ya yi karatunsa da Faransanci.

Duk da haka ina ba ɗaliban sashen Ingilishi na jami'armu shawarar su saya, su nemi waƙoƙin a intanet su saurara, littafin yana buɗe a gabansu.