Sharhi kan ipcalc: gwani ne a lissafi, amma sai ka san abin da kake nema

Duk mai aikin haɗa kwamfutoci ya san ciwon kan da ke cikin a miƙo maka jerin adireshin IP (lambobin da ake gane kowace na'ura da su), a ce ka fitar da netmask ɗinsa, wato lambar da ke raba ɓangaren hanyar sadarwa da ɓangaren na'ura a cikin adireshi. A wannan aikin na fi dogara da ipcalc, ƙaramar manhajar da Krischan Jodies ya rubuta da harshen kwamfuta na Perl, wadda ake samu kyauta a Debian da Ubuntu, nau'ikan manhajar Linux.

Abin da ya sa na riƙe ta shi ne ba ta tsaya ga ba da amsa kawai ba. In ka rubuta 192.168.1.0/26, wato rukuni mai adireshi 64, za ta nuna maka netmask ɗinsa, 255.255.255.192, da adireshin farko da na ƙarshe, ta ce na'ura 62 ce za ta shiga. A gefe kuma ta jera lambobin sifili da ɗaya, ta bar ɗan fili daidai inda ɓangaren hanyar sadarwa ya ƙare. Mai koyo da ya ga wannan filin sau biyu, to ya gane dalilin da ya sa ake cire biyu daga 64: na farko da na ƙarshe a rukunin ba a ba na'ura su.

Inda take rikita mutane shi ne wajen jeri. Ka ba ta daga 192.168.1.10 zuwa 192.168.1.50, kana jiran netmask guda, sai ta zubo maka guntaye shida (ga lambar ƙarshe ta kowane adireshi): 10/31, 12/30, 16/28, 32/28, 48/31 da 50/32. Gaskiyarta ce kuwa, domin kowane rukuni girmansa 1 ne, ko 2, ko 4, ko 8, haka dai ana ninkawa, kuma dole ya fara a lambar da girmansa zai raba ba saura. Goma ba ta rabuwa da 4, shi ya sa guntun farko, 10/31, adireshi biyu kawai ya ɗauka. In dokar firewall, mai tantance abin da ke shiga da fita, kake rubutawa, guntayen nan su ne daidai. In kuwa rukuni ɗaya kake so ya haɗiye jerin, /26 ne, amma da kanka za ka gano, kuma ka sani ka buɗe ƙofa ga adireshi 23 da ba ka nema ba.

Har yanzu tana rubuta "Class C", alhali tun 1993 CIDR, tsarin da ake rubuta irin su /26 da shi, ya ture tsohon tsarin raba adireshi aji-aji; gara a kau da kai daga wannan layin. A kula kuma: ipcalc ɗin Fedora, wani nau'in Linux, wata manhaja ce daban mai suna iri ɗaya, umarninsu ba lallai ya zo ɗaya ba.