Wasiƙa daga Jamus: inda mutum ke kai kansa a ƙirga shi

Yaya, bayan gaisuwa da fatan kowa lafiya. Ka ce in ba ka labarin yadda gwamnati ke yi wa jama'a hidima a nan. To, komai daga rajista yake farawa. Duk wanda ya tare a sabon gida, ɗan ƙasa ko baƙo, doka ta ba shi kwana 14 ya je ofishin gari ya rubuta sunansa da adireshinsa, da takardar shaida daga mai gidan. Ban daɗe da yi ba sai ga lambar haraji ta iso ni ta gidan waya. Da yarinyata ta kusa shekarun makaranta, wasiƙa ce ta zo ban nema ba, wai a kai ta likita ya duba ta kafin ta shiga aji. Takardar kuɗin rediyo da talabijin ma ta san ƙofata, wannan kam ban yi murnar ganinta ba.

Shi ya sa ƙidayarsu ba irin tamu ta Najeriya ba ce. A ta 2022 ba a bi gida-gida ba. Rajistar suka ɗauko, sannan suka zaɓi kusan mutum ɗaya cikin takwas suka yi musu tambayoyi, da lissafi suka gyara sauran. Wanda aka zaɓa ba shi da ikon ƙin amsawa. Sakamakon ya nuna mutum miliyan 82.7, wato ƙasa da abin da ake zato da kusan miliyan 1.4. Da yawa sun bar ƙasar ba su cire sunansu ba. Garin da adadinsa ya ragu, kasonsa na kuɗi ya ragu, don haka aka yi ta ƙorafi. Ashe rigimar ƙidaya ba mu kaɗai ba ne! Bambancin, mu tun ta 2006 da ta ce mun kai miliyan 140 muke kan ƙiyasi, ta 2023 kuwa aka ɗage ta.

Kada ka ɗauka sun saki jiki da gwamnati. A 1983 kotun tsarin mulki ta tsayar da ƙidaya saboda kare sirrin mutane, sai 1987 aka yi ta. Har yau amsar da ka bai wa ma'aikatan ƙididdiga ba ta komawa hannun 'yan sanda ko masu haraji.

Wata mai zuwa zan sake gida, na riga na kama ranar zuwa ofis. A gaida Umma da yara.