Ƙarin mahaifa: a cire ƙarin kaɗai, ko a cire mahaifar gaba ɗaya?

Idan ƙari ya girma har jinin al'ada ya ƙi tsayawa, likita yakan gabatar wa mace zaɓi biyu.

Cire ƙarin kaɗai yana barin mahaifa a wurinta, don haka ya fi dacewa da wadda ke fatan haihuwa. Amma wani ƙarin na iya sake tsirowa, aikin kan zubar da jini sosai, kuma sau da yawa haihuwar gaba sai ta tiyata.

Cire mahaifa kuwa yana raba mace da ƙarin har abada. Al'ada ta tsaya, ɗaukar ciki ya ƙare. Yawancin mata suna tsoron tsufa zai afka musu nan take, alhali in an bar ƙwayayen haihuwa, wato gaɓoɓi biyu da ke gefen mahaifa masu samar da ƙwan mace, jiki na ci gaba da samar da sinadaransa na mata, zaman aure ma bai lalace ba.

In an tsaga ciki, jinya kusan ɗaya ce: mako 6 zuwa 8, ba ɗaukar jarkar ruwa, ba daka a turmi.

A ganina, wadda ta gama haihuwa kuma jini ya ƙarar da ita, kada surutun dangi ya hana ta cire mahaifar.