Kwafin zanen John Constable da na yi oda

Sati uku na yi ina jira kafin kayan su iso. Guda biyu na yi oda a wani shagon intanet, duka na John Constable mai zane ɗan Ingila, babban kwafin zanensa The Hay Wain (wato amalanken ciyawa) da kuma ƙaramin hoton matarsa Maria Bicknell. Naɗin kam sun yi ƙoƙari, kwali biyu da leda, ko ƙwarzane babu a jikin firam ɗin.

Ƙaramin shi ya fi burge ni wallahi. A 1816 ya zana ta, shekarar da suka yi aure bayan danginta sun daɗe suna hanawa, kuma idanunta sun fito tar a kwafin har da jan kumatunta, idan ka tuna tarin fuka ya kashe ta a 1828 ta bar masa yara bakwai sai ka ji wani iri in kana kallo. Mutane sun fi saninsa da zanen karkara amma ya zana fuskokin mutane da yawa don neman abin sawa a baka.

Babban ne dai nake da ƙorafi a kai. Ƙasan zanen lafiya lau, amalanken na tsaye cikin kogin Stour, ga gidan wani manomi Willy Lott daga hagu, ga karen nan a bakin ruwa, sai da na matsa kusa na ga jan kayan da ke jikin dawakan duk sun fito. Amma sama fa sun ɓata ta, gajimaren ya zama fari fat kamar an shafa alli. Mutumin da ya zauna a Hampstead da ke Landan a 1821 da 1822 yana zana gajimare kawai, yana rubuta rana da lokaci da inda iska ta dosa a bayan takardar, a ce nan aka yi wa sakaci? Abin ya min ciwo gaskiya. Asalin wannan zanen fa da aka nuna shi a Landan a 1821 bai samu mai saya ba, sai a Faransa a 1824 aka ba shi lambar zinare, yanzu yana gidan ajiye zane-zane na National Gallery a Landan, faɗinsa ya kusa mita biyu.

Na tura musu hoto ta WhatsApp sun ce za su sake bugawa su turo. Na Maria na rataye a falo, babban yana jingine bayan kujera cikin kwalinsa.